Babi na Bakwai: Gafaka a Cikin Aljihu

Malami bai gama cewa sai mako mai zuwa ba, hannuwa suka tashi sama, kowanne riƙe da waya, kowace waya ta nufi farin allon da ya cika da rubutu tun daga wannan kusurwa har waccan. Na gaba su ɗauka a zaune, na baya su miƙe, wasu su taho har bakin allo suna roƙon kada a goge tukuna. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin lacca a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Kwalejin Ilimi da Fasaha ta Tarayya ta mata da ke cikin gari, ko Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, ya san wannan minti na ƙarshen darasi. Kafin motar da ta kwaso ɗalibai daga jami'a ta shigo Gusau, hoton ya riga ya faɗa zauren WhatsApp na aji. Wanda ya zo ya samu, wanda bai zo ba ma ya samu.

Da daddare kuma labarin ya koma unguwa. Sabon Garin Gusau ya bunƙasa ne da zuwan jirgin ƙasa a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da gyaɗa da auduga suka jawo kamfanoni da baƙi daga kudu. Yau a layukansa, kamar a Tudun Wada da Samaru, akwai wasu sana'o'i da ɗalibi ba ya rabuwa da su: mai fotokwafi, mai gyaran waya, mai sayar da data, da mai cajin da ke jera wayoyi a kan katako, kowace da lambarta, janareta na ruri a bayansa. Idan wutar kamfanin Kaduna, wanda shi ke raba lantarki har Zamfara da Sakkwato da Kebbi, ta ɗauke tun la'asar, wannan katakon shi ne ke yanke hukunci ko ɗalibi zai yi bita a daren nan ko kuwa sai gobe.

Abin lura shi ne babu wata hukuma da ta zauna ta tsara haka. Masu ƙera kwamfutar tafin hannu sun daɗe suna mafarkin ranar da za ta maye gurbin littafin rubutu. Kamfanin Psion na Ingila ya fito da tasa a 1984. Apple ya biyo da Newton a 1993, na'urar da aka ce za ta karanta rubutun hannun mutum, amma ta yi ta kuskure har ta zama abin ba'a a jaridun Amurka. Palm Pilot, wadda ta fi su karɓuwa, ta fito a 1996, shekarar da aka yanke Zamfara daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba. A lokacin, wayar da Gusau ta sani ita ce ta girke ta NITEL, ita ma a ofisoshi da gidajen masu hali. Sai a Agustan 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya, kuma layi ɗaya a farkon nan ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata.

An yi ƙoƙarin shigar da na'urar aji ta hannun hukuma. Shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa, wanda Nicholas Negroponte ya ƙaddamar a 2005, ya yi gwajinsa a wata firamare a Galadima kusa da Abuja a 2007, amma bai yaɗu a ƙasar ba. A 2013 gwamnatin Rauf Aregbesola a Jihar Osun ta fara raba wa 'yan manyan azuzuwan sakandare wata kwamfutar hannu mai suna Opon Imo, wato allon ilimi da Yarbanci, an loda mata littattafai da darussa da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Waɗannan shirye-shirye sun dogara da aljihun gwamnati, kuma aljihun gwamnati yana da rani da damina. Abin da ya kai na'urar hannun ɗan Tsafe da 'yar Bungudu kasuwa ce: Tecno da itel da Infinix, dukansu na kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a Sin, wanda ya fahimci cewa mutumin nan yana son batir mai jimiri, da gurbin layi biyu, da farashin da zai iya tarawa. Daga Farm Centre ta Kano kaya ke gangarowa zuwa Bebeji Plaza ta Gusau, sababbi da na hannu. Sau da yawa wayar da ɗalibi ke karatu da ita ta yayansa ce da ya canja, gilashinta da tsaga, an ɗaure bayanta da salatif.

Dalilin da ya sa ta zama littafin rubutu a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa biyan kuɗin fotokwafi. Kwas takwas ko tara a zango ɗaya, kowane malami da takardunsa, kowane shafi da kuɗinsa. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, duk abin da ke tafiya da janareta ya tashi, har da injin kwafi. Littafin da malami ya ambata a darasin farko wataƙila kwafi ɗaya ne a laburare, wataƙila babu. Sai wakilin aji ya samo shi a PDF ya saka a zaure, mutum ɗari su sauke. Data ma ba kyauta ba ce, musamman bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, shi ya sa Xender ke da daraja a ɗakunan kwanan ɗalibai: mutum ɗaya ya ƙona datarsa, sauran su karɓa daga wayarsa kai tsaye ba tare da sabis ba.

A Zamfara akwai wani dalili kuma, wanda ya fi kuɗi nauyi. Karatu a nan yana yankewa. Korona ta rufe makarantu a Maris na 2020. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, wata takwas cur. Tsakanin korona da yajin aikin an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ranar 26 ga Fabrairun 2021. A Afrilun 2022 'yan bindiga sun ɗauki ɗalibai mata na kwalejin lafiya a Tsafe daga gidan da suke haya, kuma ranar 22 ga Satumban 2023 suka shiga Sabon Gida, a Ƙaramar Hukumar Bungudu, suka tafi da ɗaliban jami'a, akasarinsu mata. Bayan kowane irin wannan dare, akwai iyayen da ke cewa 'yarsu ta dawo gida tukuna sai an ga yadda hali ya yi. Akwai ranar da hanyar Funtuwa ba ta biyuwa. Yarinyar da ta yi mako biyu a gida, idan ƙawarta na turo mata hoton allo da muryar malami, ba ta fita daga aji gaba ɗaya ba. Wanda ke ganin waya a hannun ɗaliba ya ce wasa take yi, ya kamata ya tuna da wannan kafin ya yi magana.

Amma tara karatu daban, shigarsa kai daban, kuma a nan ne batun ke da wuya.

Ɗauki hoton allo, wanda shi ne mafi sauƙi kuma mafi yawa. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Linda Henkel ta Jami'ar Fairfield a Amurka, ta zagaya da ɗalibai gidan adana kayan tarihi, ta sa suka ɗauki hoton wasu abubuwa, wasu kuma suka tsaya suka kalla kawai. Washegari da aka tambaye su, abubuwan da suka ɗauka a hoto su ne suka fi mantawa. An buga sakamakon a mujallar Psychological Science a 2014. Kamar dai zuciya na cewa tunda na'ura ta riƙe, ni na huta. Sai dai binciken ya nuna wani abu da ba a cika ambata ba: waɗanda suka jawo hoton kusa, suka zaɓi wani sashe na abin suka ɗauka, ba su yi wannan mantuwar ba. Zaɓen da suka yi ya tilasta musu kallo. Ɗalibin da ya ɗaga waya daga layi na goma ya danna sau ɗaya bai zaɓi komai ba, kuma da yawa daga cikin waɗannan hotuna ba a sake buɗe su sai daren jarrabawa, a tarar rabin allon haske ya cinye shi, ɗaya rabin kuma kan wani ya tare.

Ga kuma abin da hoto ba ya ɗauka. Abin da ke kan allo ƙashi ne, naman yana bakin malami: misalin da ya kawo da farashin masara a kasuwar Tsafe don ya bayyana yadda buƙata ke tayar da farashi, ko gargaɗin da ya yi cewa a nan ɗalibai ke faɗuwa duk shekara. Wanda hankalinsa ya kwanta cewa zai ɗauki hoto a ƙarshe, sau da yawa bai rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Sai masu naɗar murya. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tafsirin Shaihu Abubakar Gumi, wanda haifaffen Gummi ne a Zamfara ta yau, ya shiga gidaje ta Rediyon Kaduna da kaset shekaru da dama kafin rasuwarsa a 1992, kuma karatuttukan malamai sun bi ta kaset zuwa faifai zuwa memori, har aka samu masu sana'ar tura su a bakin kasuwa. Kunnen Bahaushe ya saba da karatu ta lasifika. Ga ɗalibin da Turancin malami ke yi masa sauri, ko wanda ya fito daga makarantar ƙauye inda da Hausa aka koya masa kusan komai, damar maimaita jimla sau uku ba ƙaramar rahama ba ce. Haka ga mai larurar gani. Matsalar ita ce lacca ta awa biyu sai an ba ta awa biyu kafin a saurare ta, ba a leƙa ta kamar shafi. Waɗanda suka ci moriyarta su ne masu rubuta lokaci a gefen littafi, minti na kaza ya yi bayanin kaza, don su koma wurin kai tsaye. Kuma ladabi ne a nemi izinin malami kafin a naɗa, domin muryar da aka ɗauka a ɓoye tana iya yawo inda mai ita bai nufa ba. Ga ɗaliban lafiya abin ya wuce ladabi: fuskar majiyyaci ko katinsa ba abin sakawa a zauren aji ba ne, ko da niyyar karatu ce.

Masu buga rubutu da manyan yatsu su ne suka fi kama da masu littafi, kuma a kansu aka fi yin bincike, ko da yake da manyan kwamfutoci aka yi. A 2014 Pam Mueller ta Jami'ar Princeton da Daniel Oppenheimer na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjalis suka sa ɗalibai sauraron lacca, wasu na rubutu da hannu, wasu na bugawa. Masu bugawa sun tara kalmomi fiye da sauran, amma yawanci maganar mai lacca suka kwafe kalma da kalma. Da aka zo tambayoyin da ke buƙatar fahimta, masu biro suka fi su. Ko da aka gargaɗe su kada su kwafe, hannunsu bai daina ba. Bayanin masu binciken shi ne jinkirin biro yana tilasta wa mutum ya tace, ya taƙaita, ya faɗi abin da bakinsa, kuma wannan tacewar ita ce rabin koyo. Gaskiya ta sa a ƙara da cewa wasu masana da suka maimaita gwajin a 2019 ba su sami bambanci mai girma haka ba. A Norway kuma, Audrey van der Meer da Ruud van der Weel na jami'ar kimiyya da fasaha ta Trondheim sun auna motsin ƙwaƙwalwar ɗalibai 40, suka ga sassanta sun fi haɗuwa da juna lokacin rubutun hannu fiye da lokacin danna maɓallai. Abin sha'awa, rubutun hannun a kan gilashin na'ura aka yi shi, da alƙalamin lantarki. Ke nan ba takarda ce ke da sirrin ba, hannu ne da hankalin da ke binsa.

Waya tana da nata cikas da babbar kwamfuta ba ta da shi. Ɗalibin lissafi ko kimiyyar sinadarai ba zai iya buga alamominsa da saurin malami ba. Ɗalibin Larabci sai ya yi ta sauya allon haruffa. Ɗalibin Hausa kuwa, idan bai saka Hausa a Gboard ko makamancinsa ba, zai rasa ƙ da ɗ da ɓ, ga kuma gyaran kai-tsaye na Turanci da ke juya masa kalmomi yadda ya ga dama. Ƙofa ta koma kofa, ɗaki ya koma daki, ɓarawo ya koma barawo, har hannu ya saba, ranar jarrabawa malami ya zagaye su da jan biro. Sannan a kan gilashin da ake rubutun ne saƙo ke faɗowa. Littafin rubutu bai taɓa sanar da mai shi cewa an saka sabon bidiyo a TikTok ba. Ɗaliban da suka gane haka kan kashe data kafin malami ya shigo, wanda kuma yana ƙara wa batir kwana.

Mutanen wannan yanki ba yau suka fara tunanin yadda ɗalibi zai riƙe abin da ya ji ba. 'Yandoto, a ƙasar Tsafe, garin malamai ne tun kafin jihadi, masu neman ilimi na zuwa daga nesa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana wa'azi da karantarwa a ƙasar Zamfara, kuma almajirinsa Malam Sambo Ɗan Ashafa shi ya kafa Gusau. Wanda ya duba tsofaffin littattafan hannu na ƙasar Hausa zai ga marubuci ya bar tazara mai faɗi tsakanin layi da layi, da fili a gefe. Da gangan ne. A nan ɗalibi ke saka fassarar kalma mai wuya da ajami, da Hausa ko Fulatanci, ko ya rubuta bayanin da malam ya yi a zaure. Takardar kuwa daga Italiya ake kawo da yawanta ta Sahara, mai tambarin jinjirin wata uku, don haka tsadarta ba ta barin a zuba mata duk abin da aka ji. Sai an zaɓa. Idan an gama, a haɗa ganyayyakin a saka a gafaka a rataya.

Makarantar allo ta fi tsanani. Yaro ya rubuta da tawada da alƙalamin gamba, ya biya, ya maimaita, kuma ba zai wanke allon ba sai malam ya ji karatun ya zauna. Wurin rubutun ƙarami ne, fuska biyu kacal, saboda haka dole abin da ke kai ya koma ƙirji kafin sabo ya samu wuri. Gardi mai satu yana rubutawa ne da ka, a kai darasu a gyara masa. Ba a kawo wannan don a ce jami'a ta koma tsangaya ba, domin haddar nassi daban take da fahimtar tattalin arziki ko aikin jinya. Abin da ke ciki shi ne tsarin ya san rubutu mataki ne, akwai na gaba. Waya mai gigabait 64 ba ta cika da wuri, ba ta tilasta wa kowa ya wanke komai, don haka matakin na gaba sai wanda ya ɗora wa kansa.

Watan Satumban 2021 ya gwada wannan gafaka ta zamani gwajin da ba a taɓa yi mata ba. Ranar 1 ga wata aka sace ɗalibai a Kaya ta Ƙaramar Hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun firamare da sakandare. Ranar 3 ga wata Hukumar Sadarwa ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Mako biyu aka ce. Gusau ba ta sake ganin sabis ba sai farkon Oktoba, wasu yankunan kuwa sai da suka kai ƙarshen Nuwamba. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don su yi waya ko su tura kuɗi, har ita ma Katsina ta rufe nata ɓangaren da Funtuwar ke ciki.

A waɗannan makonni kowane ɗalibi ya gane ina karatunsa yake ajiye. Takardar da aka turo zaure ya ga sunanta amma bai taɓa danna ta ba, tana nan da alamar saukewa, ba ta buɗuwa. Shafin intanet da ya ajiye adireshinsa don ya dawo daga baya, babu hanyar zuwa. Abin da ke cikin memori kuwa, ko cikin wayar kanta, yana nan daram, kuma Xender da Bulutut ba su san an kashe sabis ba. Wanda ya tara littattafai a wayarsa ya zama laburaren unguwa, a zo ƙofar gidansu a zauna a kan dakali a tura. Tun daga lokacin, ɗalibin Zamfara mai lura ba ya yarda da ajiyar da sai da sabis ake isa gare ta. Masu tallar manhajojin rubutu a Turai da Amurka suna alfahari da cewa komai na can sama a rumbun intanet, ko wayarka ta ɓace ba ka yi asara ba. A nan an ga ɗaya fuskar, inda wayar na hannu amma rumbun ya yi nisa.

Ita ma ɓatan wayar gaskiya ce. Ta faɗa a kwata, a sace a tasha, a fizge a cikin Keke Napep, ko ta ƙi kunnuwa mai gyara ya ce sai an yi mata filashin, wanda ke nufin a share komai. Zango guda na iya tafiya cikin minti ɗaya. Littafin takarda shi ma yana ɓata, ruwa na jiƙa shi, gara na ci, amma ɓarawo ba ya bin mutum don littafinsa, kuma ba kowane kwas ke cikin littafi ɗaya ba. Dabarar da ta fi dacewa da wannan ƙasa ita ce ajiya biyu ko uku: a wayar, a memorin da za a iya cirewa, sannan a tura wa kai ta imel ko a ba wani amintacce ranar da data ta samu.

Idan aka zauna da ɗaliban da ke fita da sakamako mai kyau, abin da ake gani ba ya da ban mamaki. Yawancinsu suna shiga aji da littafi da biro, waya na gefe don zane mai wuya ko jadawalin da ba za a iya kwafewa kafin a goge ba. Da yamma, ko bayan isha'i, sai su buɗe hoton su zauna su mayar da shi littafi da kalmominsu, wani lokaci da Hausa a gefe, daidai yadda mai ajami ke yi a tsakanin layuka. Suna ba fayil suna, lambar kwas da mako, maimakon su bar shi cikin dubban hotunan biki da suna. Saurin komawar nan yana da tushe: tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, daga baya ta lafa. Walter Pauk na Jami'ar Cornell ya gina tsarinsa a kan irin wannan tunani a shekarun 1950: a raba shafi, bayani a dama, tambayoyi a hagu, taƙaitawa a ƙasa, sannan a rufe bayanin a gwada amsawa da ka. Ɗalibar da ta kife wayarta a kan tabarma tana faɗa wa ƙanwarta matakan auna hawan jini ɗaya bayan ɗaya, tsarin Pauk take bi ko ba ta taɓa jin sunansa ba.

Malamai ma sun kasu. Akwai mai hana fito da waya a ajinsa kwata-kwata, akwai mai tura takardunsa tun kafin darasi don a zo a saurara maimakon a yi ta kwafa. Na biyun ya fi kusa da abin da binciken ya nuna, muddin ɗalibai ba su ɗauki takardar a matsayin izinin zama a gida ba. Malamin da har yanzu ke karanto tsohuwar takardarsa kalma da kalma a rubuta, shi ne waya ta fi tona wa asiri, domin abin da zai faɗa bana yana wayar 'yan bara.

Jarrabawa kuwa ta rabu biyu. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma yaron da ya saba da taɓa gilashi da neman abu a manhaja ba ya firgita a gaban allon kamar wanda ranar ce farkonsa. Amma da ya shiga jami'a ko kwaleji, yawancin manyan jarrabawowinsa da biro zai rubuta su. Da safe za ka gan su a bakin zauren jarrabawa, a tsaye ko a tsugune a inuwar dalbejiya, kowa ya sunkuya kan wayarsa yana jan shafi da yatsa. Mai sa ido ya fito ya ce a kashe waya a saka a jaka, wanda aka kama da ita a ciki ya san hukuncinsa. Jakunkuna su taru a gaban zaure. A raba takardun amsa, a rubuta lokacin farawa da na gamawa a kan allon nan da aka sha ɗaukar hotonsa, wanda ya yi wata uku bai riƙe biro na tsawon awa ɗaya ba ya fara yarfe hannu tun a tambaya ta biyu.

Bayan an gama zango, wayar kan fara ƙorafin cewa wuri ya cika. A shagon mai caji a Sabon Gari, ko a motar komawa Bungudu, ɗalibi ya zaɓi hotunan allo ɗari-ɗari ya goge don na zango mai zuwa su samu wuri. Takardun PDF yakan tura wa na bayansa kafin ya share. Littafin da ya rubuta da hannunsa kuma 'yan aji ɗaya su zo aro, su shimfiɗa shi a kan benci, su buɗe shafi-shafi suna ɗaukar hotonsa.